Injiniyan Zare Fulogi

Ranar da Manaja ya tara mu ya ce kamfani zai koya wa kowa kwamfuta, tun bai rufe baki ba mai kula da sitonmu ya riga ya naɗa kansa. Sanarwar ba ta da wuyar ganewa. An ɗauko wata malama za ta raba ma'aikata mataki uku, a horar da kowa daidai saninsa. Wanda ya yi fice a mataki na uku shi za a ba kula da kwamfutocin kamfanin gaba ɗaya, tare da ƙaramin ofishin nan mai na'urar sanyaya ɗaki da ke jikin na Manaja. Mu muna ta tunanin yadda za mu koma 'yan makaranta da furfurarmu, shi kuwa yana can yana auna inda zai ajiye teburinsa.

Injiniya muke kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Aikinsa na gaskiya tsaron kwalayen fenti da ƙusa da tayil, don kayan gini kamfaninmu ke rarrabawa. Injiniyancin ya samo asali ne daga wata rana da firinta ta ƙi aiki. Ya zo wucewa, ƙafarsa ta harɗe da waya, fulogi ya fita daga soket, ya mayar da sauri don kada a ga ɓarnarsa. Sai firinta ta yi tari ta hau aiki. Wani marar aikin yi ya tafa masa. Shi ke nan muka shiga uku. Tun daga ranar, duk abin da ke amfani da wuta a kamfanin nan maganinsa ɗaya a wajen Injiniya: a zare, a ɗan jira ana kallon sama, a mayar.

Malamar ta zo da safiyar Litinin, 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta tsaya gaban allo ta yi mana bayani.

"Matakin farko na wanda zai koyi kunna kwamfuta da kashe ta, da riƙe linzaminta, da yin rubutu ya adana shi. Na biyu na wanda ya iya wannan, zai ƙaro aika saƙo da tsara bayanai. Na uku na masu haɗa na'urori da gyara su da tsare bayanan kamfani. Kowa ya faɗi inda yake ganin ya dace da shi, babu abin kunya."

Baba Direba, wanda ya girme mu duka, ya ɗaga hannu. "'Yata, ni sa ni a na farko, can farkon na farkon ma. Ko taɓa ta ban taɓa yi ba."

Ni akawu ne, na zaɓi na biyu, haka ma Hajiya Akanta. Da aka zo kan Injiniya sai ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malama, babu na huɗu?"

"Uku ne kawai."

"To, ba yadda zan yi. A sa ni a na ukun, na yi haƙuri da shi."

"Wace irin manhaja ka fi amfani da ita?"

"Ni ba na bambanta su. Duk wadda ta zo hannuna sai ta yi ladabi."

"Ka taɓa haɗa kwamfutoci su yi aiki tare?"

"Haɗawa? Ni da nake raba su da ciwonsu!"

Malama ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce duk wanda ya zaɓi na uku za a gwada shi ranar Juma'a a gaban ma'aikata, kuma Mai Kamfani da kansa zai kalla ta bidiyo daga inda yake. Ta ƙara da cewa kafin ranar, ba laifi ya riƙa leƙa ajin farko.

"Ajin su Baba?" Ya yi wata dariya har da buga cinya. "Malama, ni in zauna ana koya mini kunna kwamfuta? Ai sai ta ji kunya ta ƙi kunnuwa."

Bai tsaya nan ba. Da azahar ya fito tsakar ofis yana kaɗa makullan sito, ya kira Dogo mataimakinsa, mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗaukar masa kwalaye yana shan faɗa.

"Dogo, zo ka karɓi gadonka. Ni na wuce wajen."

Dogo ya ja da baya. "Oga, ka bari a yi gwajin mana."

"Karɓi, na ce! Kuma kowa ya shaida, ko da kuka na zo ina roƙonka, kada ka ba ni."

Manaja ya leƙo daga ofishinsa. "Da gaske kake? In ka saki, na ba shi ke nan. Ba na son wasa da sito."

"Yallaɓai, na saki har abada."

Manaja ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki. Dogo ya zura makullai a aljihu, ya dafe aljihun da hannu, kuma ban ga ya ɗauke hannun ba har aka tashi.

Washegari Injiniya ya zo babu aikin yi, kuma babu abin da ya fi wannan haɗari. Ya riƙa zagaya ofis hannu a baya yana leƙa allon mutane yana girgiza kai. Ni kuwa tun safe nake buga rahoton da Manaja ke jira, na kusa ƙarshe, kuma ban adana ba. Kwamfutata tsohuwa ce, takan ɗan tsaya ta yi numfashi ta ci gaba, na san halinta. Ta ɗan tsaya ɗin ke nan, na juya zan sha ruwa, sai na ga allo ya yi baƙi. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ga Injiniya durƙushe da fulogi a hannu yana kallon sama.

"Me ka yi?"

"Shiru, Akawu. Tana hutawa."

Ya mayar, ta kunnu, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ga ta nan garau. Ba sai ka gode ba."

"Ina rahotona?"

"Wane rahoto?"

"Wanda nake bugawa tun safe!"

Ya leƙa allon, ya leƙa bayan kwamfutar, har ƙasan tebur ya duba. "Ka ga matsalar 'yan mataki na biyu ke nan. Ni injin nake gyarawa, abin da ke cikinsa ba ruwana."

Wallahi da ba don Baba Direba ya riƙe mini riga ba, da ranar an kai ɗayanmu asibiti. Na kwana biyu ina jin zafin abin.

Laraba ta faɗa kan Hajiya Akanta. Kwamfutarta tana sabunta kanta, ga rubutu ɓaro-ɓaro a allo cewa kada a kashe. Hajiya ta naɗe hannu tana jira. Sai ga shi.

"Hajiya, lafiya kika zauna haka?"

"Lafiya lau. Wuce abinka."

"Ai ta maƙale."

"Ba ta maƙale ba. Karanta abin da ta rubuta. Ta ce kada a kashe ta."

Ya sunkuya ya karanta, ya yi murmushin tausayi. "Hajiya, wannan gargaɗin na 'yan matakin farko ne. Mu ba da mu take ba."

"Kada ka taɓa mini..."

Ya riga ya zare. Ya kalli sama, ya mayar. Kwamfuta ta yi wata 'yar ƙara, allo ya kawo shuɗi, ya tsaya a shuɗin. Ya sake zarewa ya mayar. Shuɗi. Ya zare na uku, ya hura fulogin, ya goga shi a rigarsa. Wannan karon ko shuɗin ma bai samu ba.

"Dama ta daɗe da ciwo a ciki," in ji shi. "Allah ne ya sa na tono shi da wuri."

Hajiya ta tashi a hankali ta cire takalminta ɗaya. Ban taɓa sanin Injiniya na da gudu haka ba. Malama ce ta ɓata yammacin ranar tana lallaɓa na'urar har ta farfaɗo, shi kuma ya bi mutane yana cewa shi ya fara aikin, ita ta ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Layinmu ɗaya da shi, don haka abin da ya faru a gida ma ban rasa ba. Da yammacin Alhamis na dawo na tarar da shi a ƙofar gidansa, maƙwabta sun kewaye shi, yana riƙe da wani allon katako da ya sa mai fenti ya rubuta masa da manyan haruffa: BABBAN INJINIYAN KWAMFUTA. A ƙofar sabon ofis zai kafa shi.

"Daga gobe," yake ce musu, "duk mai waya ko rediyo ko talabijin da ke ba shi wahala, ya kawo. Amma a bi layi."

Mai aski ya ce, "Ni dai tawa wayar lafiyarta ƙalau, kuma ina so ta ci gaba da zama haka."

Matarsa ta leƙo daga zaure. "Baban yara, wai da gaske ka ba da makullan sito?"

"Na ba da. Matar injiniya ba ta tambayar sito."

"Sito ne ke ciyar da mu. Kai da ko lambar waya ni nake adana maka?"

"Wannan ƙaramin aiki ne, shi ya sa nake bar miki."

"To Allah ya sa gobe babba za su tambaye ka." Ta juya, sannan ta sake leƙowa. "Kuma firjina, in ka ƙara zare shi, a waje za ka ci abinci."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Shi ma ya taya su, yana nuna ta da yatsa wai mata ba su san kimiyya ba.

Juma'a ɗakin taro ya cika, har masu lodi sun shigo sun jingina da bango. An saki labule saboda majigi. Malama ta ajiye ƙaramar kwamfutarta ta hannu a kan tebur, ta haɗa ta da intanet ɗin wayarta don na ofis ba shi da tabbas, sai ga Mai Kamfani a jikin bango, dattijo mai farin gemu, yana amsa gaisuwarmu. Injiniya ya shigo da sabuwar kwat a wannan zafin, allon katakonsa a hammata. Shi kaɗai ne ɗan mataki na uku.

Malama ta nuna masa kwamfutar ofis da aka tanada, wadda ita ma ana ganin allonta a gefen bangon. "Kafin mu je ga manyan abubuwa, mu fara da mai sauƙi. Ka rubuta sunanka, ka adana, ka tura wa firinta."

"A gaban Mai Kamfani za ki ba ni aikin yara?"

"Yi mana haƙuri ka yi."

Ya zauna, ya tattare hannun kwat, ya kama linzami kamar mai kama ɓera. 'Yar kibiyar da ke kan allo ta ruga kusurwa ta ɓace. Ya bi ta da linzamin har linzamin ya kai bakin tebur, ya ci gaba da ja a iska.

"Teburin nan ya yi kaɗan," ya ce. "Ba a yi shi don ƙwararru ba."

Malama ta buɗe masa wajen rubutu da kanta. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya yi ta shawagi a kan maɓallai yana neman harafin farko na sunansa. Da ya samu ya danne shi da ƙarfi bai ɗaga ba, harafin ya yi ta gudu har ya cika layi ya gangara na ƙasa. Masu lodi suka fara tari. Baba Direba ya ce, ba da ƙaramar murya ba, "Ashe sunan nasa dogo ne."

Zufa ta karyo wa Injiniya. Na ga idonsa yana zamewa ƙasa yana neman soket, amma wayoyin ɗakin duk sun shige bayan wata katuwar kabad, a cukurkuɗe.

Sai Allah ya kawo masa abin da yake nema. Mai Kamfani ya buɗe baki zai yi magana, hotonsa ya daskare a bango, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe.

"Intanet ne, yanzu zai dawo," in ji Malama.

Injiniya ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. "Ku ba ni wuri! Yanzu aka zo aikina."

Ni da Hajiya muka yi ihu tare, "A riƙe shi!"

Ina! Ya tura kabad ta ƙi motsi, ya zura hannu bai kai ba. Sai ya fice da gudu. Muka ji takunsa a baranda, muka ji ƙarar murfin akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin matakala, inda babban makunnin wutar ginin yake. Manaja ya ce, "Kai! Kai!" Ɗif, komai ya mutu. Majigi, fanka, fitilu, kwamfutocin ofis duka. Daga waje muka ji direban babbar mota yana zabga oda, don ƙofar shiga mai aiki da wuta ta tsaya masa rabi a buɗe, hancin motarsa a ciki.

Muna zaune cikin duhu, na san a raina yana can yana kallon sama. Sannan ya mayar. Komai na ginin ya taso lokaci guda, fitilu suka yi wal, wani abu ya yi fas a ƙarƙashin matakala, duhu ya dawo, wannan karon da warin ƙonewa.

Ya shigo yana laluben bango yana haki, kuma ko a duhun ana jin yana murmushi.

"Kada kowa ya tsorata. Haka manyan gyare-gyare suke farawa."

"Ka ƙona mana gini!" in ji Manaja.

"Yallaɓai, fis ne kawai ya ƙone. Kuma mu faɗi gaskiya, laifin daga can ne. Tsohon nan bai iya riƙe na'ura ba. Ba ku ga yadda ya sandare baki buɗe ba? Shi ya kamata a fara sawa a matakin farko, kusa da Baba Direba. In na karɓi ofis zan riƙa ba shi darasi a ɓoye, don kada ya ji kunya."

Babu wanda ya yi dariya. A kan tebur akwai ɗan haske guda da bai mutu ba, na kwamfutar Malama, mai batirinta da intanet ɗinta. Daga cikin hasken wata murya ta fito a natse.

"Na gode da tayin darasi. Ina jinka tun ɗazu."

Wani ya yaye labule. Ga Injiniya tsaye tsakiyar ɗaki, kwat ta jiƙe, tafin hannunsa baƙi ƙirin da toka. Ya buɗe baki, ya tsaya a haka, kamar yadda hoton ya yi ɗazu.

"Ranka ya daɗe, wani tsohon nake nufi."

"Malama," in ji Mai Kamfani, "wane mataki ya dace da wannan bawan Allah?"

"Na farko, ranka ya daɗe. In 'yan ajin sun yarda."

Kowa ya juya ga Baba Direba. Ya shafa gemu ya yi nazari. "Mun yarda. Amma a tsakiyar ɗaki zai zauna, nesa da kowane bango."

Ɗakin ya fashe. Hajiya har da share hawaye. Injiniya ya sulale ya nufi Dogo a bakin ƙofa, ya rage murya.

"Dogo, ɗan'uwana, kawo makullan nan in duba wani abu."

Dogo ya dafe aljihu. "Oga, ai ka ce ko da kuka ka zo."

"Wasa nake yi."

"Ni kuma na ce ba na son wasa da sito," in ji Manaja daga bayansa. "Dogo na neman mai ɗaukar masa kwalaye. In kana so, ka fara Litinin bayan an tashi daga aji."

Mai gyaran wuta ya wuni a ƙarƙashin matakala. Da ya gama ya ce murfin akwatin ya lanƙwashe, a samo masa katako ya rufe wajen kafin a kawo sabo, don kada wani ya sake kai hannu. Aka duba, ga allon Injiniya yashe a ɗakin taro, kuma daidai girman ramin. Har yau yana nan a kafe da ƙusoshi daga siton Dogo, rubutun yana kallon waje, duk mai hawa bene sai ya karanta.

Litinin na bar aikina na je na leƙa ajin farko ta taga, don ba zan bari wannan ya wuce ni ba. An jera tebura a jikin bango, kowa da kwamfutarsa. Shi kuwa an ajiye masa kujera ɗaya tilo a tsakiya, ba ko tebur. Malama ta gyara tabarau.

"Darasinmu na yau: yadda ake kashe kwamfuta."

Duk ajin suka juyo suka zuba masa ido. Na rantse da Allah sai da hannunsa ya fara tashi sama.

"Malama, wannan ai ni na..."

Baba Direba ya taso ya miƙa hannu ya kama nasa, ya mayar masa da shi kan cinya, ya danne.

"Zauna, ɗana. Mun ga naka. Yau na Malama za mu gani."